Keken Ɗaukar Ruwa: Aikin da Ya Kamata Mu Ba Ƙannenmu



An nemi in yi magana a kan kimiyya da ƙirƙira, ni kuwa zan fara da wasa. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da matasa ke yi a kewaye da tebur. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin, sai a jefa ɗan lido a ga ko dabararsa ta ci. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, Traveller, ya fito a 1977, kuma labarinsa na tafiye-tafiye ne tsakanin taurari. Abin da ya burge ni shi ne, ba a yarda ɗan wasa ya ce ga jirginsa haka kawai ba. Sai ya zauna da fensir ya lissafa inda mai zai zauna, da inda kaya za su shiga, da abin da zai kashe.

To, a ce an ba ɗanmu na Kura wannan aiki: ga duniyar da babu kogi, zana mana abin da zai kai wa mutane ruwa. Ina ganin zai kayar da yaron Landan, domin shi kullum yana ganin mai ruwa yana tura kura a ƙofar gidansu.

Kun san an kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga nan ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Kadawa, a ƙarƙashin Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Shinkafa da tumatir da alkama sun samu. Amma ruwan noma daban, ruwan sha daban. Wanda ya shiga magudana don ya ɗebo ko ya yi wanka yana iya kamuwa da tsargiya, saboda dodon-koɗin da ke cikinta. Don haka gidaje da yawa sun dogara da rijiya da burtsatse, da kuma wanda zai kawo musu ruwan har gida.

Ga lissafin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka goma sha biyu masu lita 25 sun kama kilo 300, wato buhun siminti shida, kuma mutum ɗaya ke tura su, a rairayi ko a taɓo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata a rana lita 20 ne. Gida mai mutum goma kenan jarka takwas, kullum ta Allah.

Duk wanda zai zana keken ruwa, a nan zai fara. In sandar ƙafafun ba ta faɗa daidai ƙarƙashin tsakiyar kayan ba, bayan mai turawa ne zai ɗauki ragowar. Babbar taya ta fi ƙarama tsallake rami. Jarkoki kuwa gwargwadon yadda suka yi ƙasa, gwargwadon wuyar kifewa. Birki fa? Yawancin kurayen da na gani ba su da shi, sai dai ƙafar mai su. Malamanmu na fiziks za su tuna mana cewa ko tankar mai lita 10,000 ta fi haɗari in ruwanta rabi ne, domin ruwan yana kai-komo ya fizgi motar a kwana. Shi ya sa ake gitta faranti na ƙarfe a cikin tanki. Jarka ta huta da wannan matsala, amma bakinta ƙarami ne, wanke cikinta aiki ne.

Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta sa gasa ga 'yan ajin kimiyya. Kowane rukuni ya fara da zane da lissafi a takarda, kamar masu wasan can, sa'an nan ya je wurin mai walda a gari a haɗa. Alƙalan gasar kuma kada su zama mu ma'aikatan ofis. A kira masu ruwa su tura, su faɗi wadda ta fi sauƙi. Kuɗin ƙarfe da taya ba zai gagare mu ba, in dai waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya ba sun ga ma'aji kafin a tashi.