Jan Fitilar Baƙin Mai: Abin da ke Rage Ƙarfin Mai a Injin Mota



Duk wanda ya tsallake kogin Kaduna ya nufi kudu, ya shiga ƙasar mota. A Kakuri ne kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya kuwa ci gaba da fitar da 504 har 2006, ko da yake an daina yin irinta ta gida a Faransa tun 1983. A kan hanyar Kachia aka buɗe matatar mai a 1980, sa'an nan a 1983 aka ƙara mata sashen yin man shafawar inji, kafin aikinta ya tsaya daga baya. Abin kunya ne, to, a ce a garin da aka ƙera mota, aka kuma tace manta, matashi ya kashe injinsa don rashin sanin ma'anar fitila guda. Yawancinmu, da zarar mun kama aiki, mota ce babbar kadarar da za mu fara mallaka, sau da yawa da bashi. Saboda haka maganar ta shafe mu.

A gaban direba akwai wata 'yar jan fitila mai siffar buta. Mutane da dama suna zaton tana nuna mai ya ragu ne. Ba haka ba ne. Abin da take nunawa shi ne ƙarfin da ke tura man ya faɗi, kuma tana iya kamawa ko da man yana cike.

Ga yadda abin yake. Baƙin mai yana kwance a kasko a gindin inji. Famfo yana zuƙo shi ta cikin wata rariya, ya tura shi ta filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Mafi muhimmanci shi ne inda karanshaf ke juyawa cikin 'yan ƙarafan da makanikai ke kira metal. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma cikin wannan rata man yake shiga ya hana su haɗuwa. Famfo gudu kawai yake ba mai. Matsin hanya shi ke haifar da ƙarfi, kamar yadda ruwan tiyo yake yin tsiri in an toshe rabin bakinsa da yatsa. Inji mai lafiya, in ya yi zafi yana gudu, ƙarfin mansa yakan kai ba 2 zuwa 4 a ma'auni. Ita kuwa fitilar, a yawancin motoci ba ta kamawa sai ya faɗo wajen rabin ba ko ƙasa da haka. Watau kafin ta yi magana, al'amari ya riga ya yi nisa.

Dalili na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne ƙarancin man kansa. Injin 504 lita 4 ko kusa da haka yake ci. In yana yoyo, ko ringi ya cinye har man yana ƙonewa yana fita da shuɗin hayaƙi, sai ya ragu har famfo ya riƙa zuƙo iska. Alamarsa ita ce fitilar ta riƙa ƙyaftawa in an sha kwana ko an taka birki.

Na biyu, man ya tsinke. Zafi yana tsinka mai, kuma wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson Sabon Tasha a watan Afrilu ya san zafin da inji ke sha. Fetur ma yana tsinka shi, in ya sulale ta gefen fistan ya gangara kasko; mai shinshina sandar gwajin mai zai ji warinsa. Sai kuma babbar masifa, watau man jabu: tsohon mai da aka tace da tsumma aka mayar cikin sabon galan, ko wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi ba suna ba lamba. Araha ba ta ado.

Na uku, toshewa. Man da ya wuce lokacin juyewa yakan zama kamar kwalta, ya manne a rariya, famfo ya rasa abin zuƙa. Irin wannan yana faruwa ga wanda kullum ƙari yake yi, ba ya juyewa, ko ya juye ya bar tsohuwar filta.

Na huɗu, famfon da kansa. Haƙoransa suna cinyewa da tsufa. Akwai kuma wani ɗan bawul mai sifirin da ke rage ƙarfi in ya yi yawa. In datti ya maƙale shi a buɗe, sai man ya riƙa komawa kasko tun bai kai inda aka aike shi ba.

Na biyar shi ne wanda ya fi tsada, kuma a nan ya kamata mu dakata. In metal ya cinye, ratar nan ta buɗe, mai sai ya zube ta gefe ba tare da matsi ba, kamar tiyon da aka ɗauke wa yatsa. Me ke cinye shi? Ƙura. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin unguwanninmu marasa kwalta tana shiga ta matatar iska in ta yage ko an cire ta, ta gauraya da mai, ta koma kamar yashin goge tukunya. Alamar wannan ciwo sananniya ce: da safe fitila ta mutu lafiya, amma in inji ya yi zafi aka tsaya, sai ta kama, in an ba da wuta ta ɗauke. Wanda ya ga haka ya sani injinsa ya soma tsufa daga ciki.

Na shida, wani lokaci ƙarya fitilar take yi, domin 'yar na'urar da ke kunna ta tana lalacewa. Amma fa ba a gane haka da ka. Makanike na gari zai kwance na'urar, ya ɗaura ma'auni mai allura a gurbinta, ya karanta ƙarfin in inji ya yi zafi. Wanda bai gwada ba, tsammani yake yi, kuma da kuɗinmu yake yinsa.

Akwai magunguna biyu da ake bayarwa a wasu garejoji waɗanda ya wajaba mu ƙi. Ɗaya shi ne cire wayar fitilar. Wannan daidai yake da korar mai gadi don ya cika ihun ɓarawo. Ɗayan kuwa shi ne zuba mai mai kauri don fitilar ta mutu. Lalle 20W-50 ya dace da tsofaffin injuna irin na 504, amma motocin zamani da yawa an yi su ne don 5W-30 ko 0W-20, hanyoyinsu matsattsu ne, mai kauri yana jinkirin isa sama da sanyin safiya. Yana iya ɓoye ciwon na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Littafin mota shi ne alƙali.

To, in fitilar ta kama muna tafe, me za mu yi? Mu rabe a gefe, mu kashe inji nan take, kada mu ce bari mu ƙarasa Barnawa. Mu jira 'yan mintuna, mu zaro sandar gwaji mu duba. In mai ya ragu, mu ƙara, mu tayar. In fitilar ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu, ko muka ji ƙwanƙwasa daga gindin inji, sai a jawo motar. Kuɗin janwe ba ya kusa da kuɗin sauke inji, kuma injin da ya buga ba ya sauraron haƙuri.

'Yan'uwa, duba mai sau ɗaya a mako ba ya cin minti 2. Kada takardar digiri ta sa mu ga buɗe bonet aikin yaran gareji ne. Wanda ya san abin da ke cikin injinsa shi ke iya bambanta makanike na ƙwarai da mai neman na cefane, shi ne kuma zai gama biyan bashin motarsa tana nan tana tafiya. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a abin da muka mallaka.