Jirgin Kumfa da Darasin da Na Guje wa a Aji Biyar



Lokacin da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ba ni minti ashirin in yi jawabi, na zaci a kan aikin gwamnati ake so in yi magana, tunda shekara tara ke nan ina fama da fayil a sashen kuɗi na ma'aikatarmu. Da na buɗe sai na ga an rubuta, a kan jiragen nan da kake wasa da su. Kalmar wasa ɗin ma har layi aka ja mata. Na san wanda ya kitsa wannan, ga shi can a layi na biyu yana dariya, kuma ba zan yafe ba sai ya biya bashin kuɗin ƙungiya da ake bin sa.

Kafin in shiga maganar jirgi, akwai laifin da zan amsa a gaban Malam, malaminmu na fiziks, wanda Allah Ya sa yana tare da mu yau. Malam, ranar da ka koyar da darasin rinjayen nauyi a aji biyar, wanda ka ɗora rula a kan bakin wuƙa kana rataya mata ƙananan ƙarafa dama da hagu, ba ciwon ciki nake yi ba kamar yadda aka gaya maka. Ina bayan ɗakin kwana ina fere ɓargon kara, ina haɗa jirgi. Daga baya na bar kimiyya, na karanta tattalin arziki a jami'a, ina ganin mun rabu da fiziks ke nan har abada. Ashe darasin nan yana can yana jirana a wani fili, bayan shekara goma sha biyar.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin abin ba, ga shi nan a kan tebur. Faɗin fukafukansa mita ɗaya da 'yan kai, nauyinsa giram 900. Jikinsa kumfa ce, 'yar'uwar farar nan da ake kare firji da ita a cikin kwali. Na ƙarfafa wutsiyar da tsinken tsire, ƙafafun kuwa wayar ƙarfe ce na lanƙwasa. A hancinsa akwai ƙaramar mota ta lantarki da ke juya farfela kusan sau 10,000 a minti ɗaya. Batirin irin na litiyom ne mai ɗaki uku, kowane ɗaki bolt 3.7, jimla 11.1. Sai akwatin da ke hannuna, mai sanduna biyu, wanda ke aika umarni ta iska. A cikin jirgin akwai na'urar da ke karɓar umarnin, ta miƙa wa wasu ƙananan injina masu nauyin giram 9 kowanne, su kuma su ja linzami. Abubuwa huɗu kawai matuƙi ke sarrafawa: ƙarfin mota, da marafan bayan fiffike masu kishingiɗar da jirgi dama ko hagu, da marfin wutsiya na kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da na tsaye mai karkata kai. Jirgin da ke kai alhazai Jidda ma da waɗannan huɗun yake tafiya, girma ne kawai ya bambanta su.

Mu da muka shigo harkar a baya-bayan nan mun tarar da sauƙi. Magabatanmu injin mai suke amfani da shi, mai shan wani haɗi na sinadarin metanol da man zurma, ga ƙara ga maiƙo. Rediyonsu kuma a kan megahaz 27 ko 35 ko 72 yake, in mutum biyu suka kunna a kan layi ɗaya, to jirgin ɗayansu ya tafi ke nan. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, inda kowane akwati ke gane jirginsa shi kaɗai.

Tuƙin ba shi da sauƙi kamar yadda ake gani. Muddin jirgi yana tafiya ya ba ka baya, damarka ita ce damarsa. Da zarar ya juyo ya fuskance ka, sai komai ya birkice, ka tura dama ya yi hagunka. Jiragena biyu na farko a nan suka ƙare, ɗaya a kan dalbejiya, ɗaya a cikin gonar gero, kowannensu bai cika minti ɗaya a sama ba. Uwargida ta ƙirga abin da na kashe ta ce ya kai buhun shinkafa biyu, ban musa ba domin na san ya fi haka. Sai da na zauna wata guda ina koyo a kwamfuta da manhajar kwaikwayon tuƙi, inda faɗuwa ba ta cin ko kwabo, sannan hannuna ya faɗa.

Ƙasarmu kuma tana da nata sharuɗɗan da takardar da ke zuwa cikin kwali ba ta san da su ba. Gam ɗin da ake narkawa da bindiga, in ka bar jirgi a but ɗin mota a watan Afrilu, za ka tarar wutsiya ta saki. Maganaɗisun cikin mota yana tsince ƙurar ƙarfe daga yashi, sai ka ji tana ƙara kamar injin markaɗe. Iskar zafi ba ta da kauri kamar ta sanyi, don haka jirgin da ya tashi cikin sauƙi da hantsi, da azahar sai ya yi ta jan jiki. A lokacin hunturu hazo na haɗiye farin jirgi tun bai yi nisa ba, shi ya sa kuka ga na shafa wa wannan jan fenti a ƙasan fiffike. Ga kuma shirwa, wadda har yau ba ta yarda cewa sararin sama na kowa ne ba.

To, yanzu ga inda Malam ya shigo. Duk wanda ya iya tuƙi, abu na gaba da ke kama shi shi ne ƙaiƙayin gyare-gyare. A canza farfela, a ƙara girman mota, a rage nan, a ƙara can. A nan daɗin abin yake, a nan kuma haɗarin yake. Ni ma na sami wata 'yar kyamara mai nauyin giram 60, ina so in ɗauki hoton unguwarmu daga sama. Da na ɗora ta a gaba sai farfela ta riƙa shiga hoton, saboda haka na mayar da ita baya, na ɗaure ta da salatif wajen santimita 40 daga tsakiyar jirgin. Na ce a raina, giram 60 me zai yi wa jirgi mai giram 900?

Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ya daidaita, wanda in ka sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike daidai wurin, zai tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba. A irin wannan jirgi, wurin ya kamata ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auno daga bakinsa na gaba. Fiffiken nawa santimita 20 ne daga gaba zuwa baya, ma'aunin kuma yana kan santimita 6. Lissafin da Malam ya koyar ranar nan shi ne, ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, nauyi ne sau nisansa. Giram 60 sau santimita 40 ya ba da 2,400. A raba da sabon nauyin jirgin, giram 960, ya ba da santimita biyu da rabi. Wato ma'aunin ya ja baya daga 6 zuwa 8 da rabi, ya fita daga iyaka. Lissafin da ɗan aji biyar zai yi a bayan littafinsa cikin minti ɗaya, ni mai digiri ban yi ba, ko yatsu biyun ma ban sa ba.

Jirgin da hancinsa ya ɗan yi nauyi yana tuƙuwa, sai dai ya riƙa neman ƙasa ya kuma sauka da gudu. Wanda wutsiyarsa ta yi nauyi kuwa ba ya jin magana. Ranar wata Asabar da yamma na cilla shi a filin ƙwallo na bayan gari, yara sun kewaye ni kamar yadda suka saba. Yana barin hannuna ya ɗaga hanci sama kamar doki ya yi tirjiya. Na danna masa ƙasa ya nutso, na ja kaɗan ya sake miƙewa. A karo na uku gudunsa ya ƙare, iska ta daina riƙe fiffiken, ya kife ta hagu ya yo kan jama'a.

Akwai wata yarinya mai tallan gyaɗa, ba za ta wuce shekara takwas ba. Tsakanin inda jirgin ya caki ƙasa da ƙafarta bai kai taku ɗaya ba. Farantin ya kife, ita kuma ta ƙame, ko kuka ta kasa. Allah Ya sa na riga na kashe motar, domin farfelar nan tana yanka nama kamar reza, tabon da ke yatsana shaida ne. Batirin ya lanƙwashe ya fara kumbura yana hayaƙi, na ture shi da sanda muka binne da yashi. Na biya kuɗin gyaɗa, na raka yarinyar gida, na ba mahaifinta haƙuri a gaban mai unguwa. Mutumin bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, Alhaji, kai da ka yi boko ai ka fi mu sanin abin da kake yi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A daren nan na ɗauko tsohon littafin fiziks na ƙanena na nemo babin. Maganin ma a ciki yake. Batirin giram 190 ne, in na matsa da shi gaba santimita 13, ya biya bashin kyamarar ba tare da na ƙara ko giram ɗaya ba. Tun daga ranar ba na cilla jirgi sai na ɗora shi a kan yatsu, ko da salatif kawai na ƙara masa. Ba na canza abu biyu a lokaci ɗaya, domin in ya lalace ba za ka san wanne ne mai laifin ba. Ina da littafi da nake rubuta nauyi da girman farfela da daɗewar batir, wanda abokan aikina suka ce ya fi fayilolin ofis tsari. Sannan nakan ja layi a ƙasa, kowa ya koma bayana kafin in haɗa batir.

Akwai kuma maganar hukuma, wadda dole in faɗa tunda ni ma'aikacinta ne. A shekarar 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Da halin tsaron da muke ciki, ba wanda zai ga laifin jami'in da ya hango abu yana shawagi ya tsorata. Duk mai sha'awa ya fara neman sanin ƙa'idar da ke aiki, ya gabatar da kansa ga mai unguwa da 'yan sandan yankinsa, ya nisanci filin jirgi da bariki da gidajen mutane. Kyamarar nan ma na ajiye ta, domin na lura hoton unguwa daga sama hoton tsakar gidan maƙwabta ne.

Ga mai jan layi a ƙarƙashin kalmar wasa, ina da labari biyu. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa mai tashi da ƙarfin roba. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a 1903. Na biyu, a watan Agusta na 2003 wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill, yana da shekara 77, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ya ƙera jirgi irin wannan da bai kai kilo 5 ba har da mansa. Aka cilla shi daga gaɓar Kanada, na'ura ta riƙe shi a kan hanya, ya ƙetare tekun Atlantika, tafiyar kilomita 3,000 da ɗoriya cikin kusan sa'a 39, wani matuƙi ya karɓe shi da rediyo ya sauke shi a Ayilan. Waɗanda ya aika kafin wannan duk teku ta cinye su. Mu kuma nan Zariya muna da kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964, amma 'yan ajinmu nawa ne suka taɓa tunanin neman shiga? Ni dai ban san hanyar ba a lokacin, ina can ina fere kara a ɓoye don kada firifet ya kama ni.

Saboda haka ga roƙona ga ƙungiya. Na zagaya ɗazu na ga ɗakin aikin hannu a kulle, an tara karyayyun kujeru a ciki. Ina roƙon a buɗe shi ga kulob ɗin kimiyya. Ni zan bayar da akwatin tuƙi biyu da motoci uku da caja, kuma zan riƙa zuwa Asabar ɗaya a kowane wata in Allah Ya yarda. Abin da nake nema daga ƙungiya shi ne sikeli mai auna giram, da teburi biyu, da kwamfuta ɗaya ko tsohuwa ce, da takardar neman izini mai ɗauke da sa hannun Shugaban Makaranta. Za mu fara da jirage marasa mota, waɗanda ake cillawa da hannu, kuma ba yaron da zai taɓa akwatin tuƙi sai ya nuna lissafin ma'aunin jirginsa a rubuce. Ina kuma roƙon Malam, duk da ya yi ritaya, ya amince ya zama uban kulob ɗin, ya sake koyar da darasin rula da wuƙa. Wannan karon zan zauna a layin gaba.

Bayan sallar la'asar, in iska ta kwanta, Shugaban Makaranta ya ba ni izini in tayar da wannan a filin ƙwallo na minti biyar. Za a ja layi da toka daga turken gola na yamma, ina roƙon kowa ya tsaya a bayansa, har da manyan baƙi. Malam ne zai ɗora shi a kan yatsunsa ya tabbatar da ma'aunin kafin in haɗa batir.