Yaro ya ci Bak, to sai ina?



Duk shekara, da zarar sakamakon Bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, gidajen Hausawa a unguwannin Adjamé da Treichville a Kodebuwa sukan cika da guɗa. Bayan kwana biyu sai a ga yaron a shagon intanet, ya zuba wa kwamfuta ido, an ce ya jera fannonin da yake so, shi kuwa bai san inda ya dosa ba.

A Amurka ɗalibi kan shiga jami'a ya ɗanɗana darussa iri-iri kafin ya tsayar da fanni. A Kodebuwa tun a bakin ƙofa ake yanke hukunci: ka jera zaɓinka, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta duba makinka da sashen da ka yi, A ko C ko D, ta tura ka. Jami'ar Nangui Abrogoua, wadda kafin 2012 ake kira Abobo-Adjamé, ta kimiyya ce. Lauya da adabi suna jami'ar Félix Houphouët-Boigny a Cocody. Akwai kuma BTS na shekara 2, ga mai son kama sana'a da wuri.

Matsalar, a ganina, daga gida take. Baba na shago yana cewa likita kawai, alhali yaron ko jinin kaza ya gani sai ya kau da kai. Canza fanni daga baya kuwa yakan cinye shekara guda, da kuɗin motar gbaka na banza.

Iyaye, kafin yaro ya danna komai, ku kai shi wurin wanda ya riga shi shiga fannin, ya ga jadawalin zangon farko da idonsa.