Gyaran fentin amalanke da ƙofar rumbun abincin dabbobi

Yau maganarmu a kan fentin mai ce, irin wanda ake dama shi da man lin, da ake shafa wa katakon amalanke da ƙofar rumbu.

Kun san ranar Yamai. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Rana ke shanye man da ke cikin fenti, sai ka ga launi ya dushe, in ka shafa hannu ya fito da gari. Da yawa sai su ruga Katako sayen sabon gwangwani. To, ku dakata. Fentin nan bai mutu ba, ƙishi yake ji. A wanke katako da ruwa zalla, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a ɗiga man lin a tsumma a murza. Kaɗan fa! Bayan rabin awa a goge abin da katako bai sha ba, in ba haka ba zai yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, ya isa.

Kada a wanke da ruwan toka ko kanwa ko omo, suna cinye man. Shi ya sa ba a yi wa cikin kwamin da kuke ba shanu kanwa fenti.

Ga inda na fi so ku saurara. Wani tsohon fenti akwai dalma a ciki, ido kuwa ba ya rarrabewa. Maraƙi ba ya ƙin lasar komai. In ya lashi ɓawon fenti, sai ya fara cizon haƙora, ya makance, ya dinga tura kai jikin bango, wani ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya ga haka ya kira likitan dabbobi nan take. In za ku kankare fenti, ku yi nesa da garke, ku tattara ɓawon ku binne da zurfi, nesa da rijiya. Baƙin man mota ma haka, kar a shafa shi inda dabba ke kai baki.

Saura tsumma. Tsumman man lin in an dunƙule shi yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta, ba ashana ba komai. Ku tuna harawa da karan dawa ke cikin rumbun. A jiƙa shi cikin bokitin ruwa, ko a shanya shi a fili, a danne da dutse.