Ciwon Baya Iri-Iri Ne: Jawabi A Kan Jijiyoyin Wutsiyar Doki

 



Mu ba likitoci ba ne, malaman makaranta ne da muka ajiye alli. Amma aikin malami shi ne ya koyo, ya isar. Batunmu na bana shi ne ciwon baya, wanda kusan babu gidan da ya ƙyale: manomi da ɗan dako, mai daka da mai jan guga, har da ku ma'aikatan ofis masu wuni a kan kujera. Mafi yawansa wahala ce mai wucewa. Akwai ɗaya kuwa wanda ba ya jira, shi ne muke so mu yi wa juna gargaɗi a kansa.

Allah Ya jera gadon bayan ɗan Adam ƙashi bisa ƙashi, guda biyar daga ciki suna wajen ƙugu, su ne masu ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani faifai na guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da taushi, yana aiki kamar gammo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekaru, ko ɗaukar kaya a sunkuye, kan tsaga bayan faifan, sai na cikin ya bulluƙo ya danne jijiya. Wannan ya fi aukuwa a fayafai biyu na can ƙasa. A 1934 ne wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wa duniya cewa wannan ɓullowa ce ke haddasa zugin da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa. Yawancin masu irin wannan kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

To, ina haɗarin yake? Laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba, takan tsaya daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Daga nan sai jijiyoyi su zubo ƙasa a dami guda, tamkar gashin wutsiyar doki, shi ya sa likitoci suka raɗa musu wannan suna da Latinanci. Su ne ke kula da ƙafafu, da mafitsara, da dubura, da al'aura. Idan faifai ya fashe da yawa ta tsakiya, sai ya matse damin gaba ɗaya. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru, awoyi ake ƙirgawa, ba makonni ba, domin jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ta farfaɗo ba.

Ga alamomin da ya wajaba kowa ya haddace. Na farko, mutum ya daina jin taɓi a matsematsinsa da mazaunansa, wato inda mahayi ke haɗuwa da sirdi, har ya yi tsarki bai ji sanyin ruwa ba. Na biyu, fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo ba da saninsa ba. Na uku, ya kasa riƙe bayan gida. Na huɗu, zugi ko rauni ya kama ƙafafu biyu. Na biyar, sha'anin iyali ya mutu masa farat ɗaya. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana tare da ciwon baya, a nufi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. A can za a ɗauki hoton MRI, in an tabbatar, a yi tiyata a cire abin da ya danne jijiyoyin. Likitoci na son a yi aikin cikin awa 24 zuwa 48, kuma gaggawa ta fi. Wanda ya makara kan iya ƙare rayuwarsa da robar fitsari ko a kan keken guragu.

Jama'a, babban abin da ke cutar da mu a nan shi ne kunya. Wane dattijo ne zai gaya wa ɗansa cewa ya jiƙa wando? Wace uwa ce za ta faɗa wa surukarta? Sai a ce basir ne, ko sanyi, ko sammu. A kira wanzami ya yi ƙaho, a kai wa maɗori ya murza, kwanaki na tafiya. Ba mu raina sana'ar kowa ba, amma ƙaho ba ya kaiwa inda wannan cuta take. Kunya ado ce, sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

A nan ne nauyi ya hau kanku, 'yan birni, domin ku ake bugo wa waya. Idan aka ce baba ko inna na fama da baya, kada ku tura kuɗin magani ku yi shiru. Ku sa wanda ba a jin nauyinsa, ƙani ga namiji, 'yar'uwa ga mace, ya tambayi maganar fitsari da bayan gida ƙarara. In amsar ta ba da tsoro, a ɗauki shatar mota zuwa inda ake da likitocin ƙashin baya da jijiya, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A bakin ƙofa a ambaci alamomin nan da farko, kafin a ce ciwon baya.

Muna kuma roƙon shugabanni da su ware wani kaso na asusun ƙungiya domin kuɗin mota da na hoto, wanda za a iya fitarwa a rana ɗaya ba sai an jira zaman kwamiti ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana zumunci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.