BUƊE BAKIN YARONKA KA DUBA

Karatu: Yahaya 9:1-7, Markus 5:35-43

    Maganarmu ta yau a kan yara ne, da wani mugun ciwo da yake cin fuskarsu, da kuma abin da binciken likitoci ya tono a kansa a nan ƙasarmu ta Sakkwato.

Likitoci suna kiran ciwon nan noma. Bahaushe yana jin wannan suna sai hankalinsa ya tafi gona, amma ba noman fartanya ake nufi ba. Kalmar daga Helenanci ta fito, ma'anarta kuwa kiwo ne, wato yadda dabba take bin ciyawa tana cinyewa. Tana nan cikin Sabon Alkawari sau biyu. Bulus ya yi amfani da ita cikin 2 Timoti 2:17, inda ya kwatanta koyarwar ƙarya da gyambo mai cin jiki yana yaɗuwa. Ubangiji kuma ya yi amfani da ita cikin Yahaya 10:9, inda ya yi wa tumakinsa alkawarin makiyaya. Kalma ɗaya ce, amma a wuri ɗaya ana cin mutum, a ɗayan ana ciyar da shi. Ku riƙe wannan, gama za ku ga yaron da ba a ciyar da kyau ba, shi ne ciwon yake ci.

Yaya ciwon yake farawa? Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma daga dasashi yake somawa. Dasashin ya yi ja, in an taɓa sai jini. Baki ya soma wari, yawu yana zuba, yaro ya ƙi abinci. In ba a kula ba, sai kunci ko leɓe ya kumbura, zazzaɓi ya tashi. Bayan 'yan kwanaki baƙin tabo ya fito a kan kumburin, naman wurin ya mutu ya zube, ya bar rami har ana ganin haƙora. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu. A shekarar 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 suke kamuwa kowace shekara, kuma tara cikin goma suna mutuwa idan ba su sami magani ba. Wanda ya rayu yakan tashi da muƙamuƙi a ƙulle, ci da sha da magana duka da wahala.

A ƙauyukanmu wasu suna ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji. Suna kuwa linzami ne. In an ce iska ce, sai a nufi wurin mai turare da layu. Mu kuma masu bi, wani lokaci mukan sāke wa abin riga kawai, mu ce aikin maita ne ko la'anar gida, mu kwana muna tsauta wa aljani alhali ciwon yana ta ci. Cikin karatunmu na fari, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Ubangiji ko laifin wane ne, nasa ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da tambayar gaba ɗaya. Bai ɗora wa kowa laifi ba, sai ya sa hannu ya yi aiki, ya kuma aiki mutumin ya je ya wanke a Siluwam. Su suna neman mai laifi, shi yana neman warkar da mutum. Mu almajiran wane ne a cikin wannan?

Yanzu bari mu ji abin da masu bincike suka gano. Tun cikin shekarun 1990 wani ɗan ƙasarmu, Farfesa Cyril Enwonwu, da abokan aikinsa suka yi ta nazarin yara a arewa maso yammacin Nijeriya, har da ƙasar Sakkwato. Suka ga ciwon yana bin sawun abu uku: tamowa, da cututtuka irin su ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, da kuma rashin tsabtar baki. Yunwa takan raunana garkuwar jiki, ƙyanda ta zo ta ƙara kayar da ita, sai ƙwayoyin cuta da suke cikin baki su sami ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. An kuma tabbatar cewa ciwon ba ya tsallakawa daga wani zuwa wani. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko zama a tabarma ɗaya.

Kada wani ya ce ciwon baƙar fata ne. Dā yana nan a ƙasashen Turai, har ya ɓace sa'ad da abinci da tsabta suka wadata. Ya sāke ɓullowa a sansanonin da 'yan Nazi na Jamus suka tsare mutane da yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Inda yunwa ta zauna, nan yake sauka. Iskar da take tsoron tuwo da miya kuwa, ai ba iska ba ce.

A shekarar 2017 ma'aikatan asibitin noma na Sakkwato tare da ƙungiyar likitoci ta MSF suka gwada rayuwar yaran da suka kamu da ta waɗanda ba su kamu ba. Suka ga yaron da kullum koko ne abincinsa ya fi shiga hatsari. Wanda aka ba shi dakashi, wato nonon farko mai kauri da uwa take fitarwa bayan haihuwa, mai yiwuwa ya fi samun kariya. Iyaye mata, kun ji. Dakashin da kakanni suka ce a matse a zubar, shi ne rigakafin farko da Mahalicci ya shirya wa jariri.

A shekarar 2018 kuma aka bi ƙauyukan jihohin Sakkwato da Kebbi gida gida, aka duba bakin yara fiye da 7,000. Kimanin uku cikin ɗari aka samu da ciwon dasashi. Ba dukansu ne za su kai ga noma ba, amma ta wannan ƙofa yake shigowa. Ku lissafa yaran makarantar Lahadi da na unguwarku, ku gani ko abin yana nesa da mu.

Ga albishir a cikin wannan duka. In an kama ciwon tun yana dasashi, ko da kumburi ya soma, maganinsa ba mai wuya ba ne: magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai rubuta, da wanke baki, da ruwa, da abinci mai gina jiki. Cikin 'yan kwanaki yaro ya warke da fuskarsa cikakkiya. In an bari nama ya zube, sai tiyata, wani lokaci sau da yawa, cikin shekaru. Tsakanin waɗannan biyu 'yan kwanaki ne kawai, kuma kwanakin nan a hannun iyaye suke.

Mu mutanen Boɗinga da Shagari, Allah ya kawo mana taimako har bakin ƙofa. A shekarar 1999 aka buɗe asibitin yara masu ciwon noma a cikin birnin Sakkwato, irinsa kaɗan ne a duniya. A shekarar 2014 ƙungiyar MSF ta shiga aiki tare da Ma'aikatar Lafiya a wurin, ana yin magani da tiyata kyauta. Mutane suna tahowa daga jihohi masu nisa, mu kuwa mota ɗaya ce za ta sauke mu a birni. Ga Mulikat Okanlawon, wadda ciwon ya ci fuskarta tun tana ƙarama. A asibitin nan aka yi mata aiki, daga baya ta zama ma'aikaciya a cikinsa. Ita da Fidel Strub suka kafa ƙungiyar waɗanda suka tsira daga ciwon, mai suna Elysium, har mujallar TIME ta Amurka ta sa su cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya a shekarar 2024. Gwamnatin Nijeriya kuma ita ta ja gaba wajen kai kuka, har ran 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Da me aka kai kukan? Da shaidar da aka tara daga bakin yara irin namu, waɗanda iyayensu suka yarda aka duba.

Mun sani akwai masu ɗari-ɗari da masu bincike, kuma suna da dalili. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, yara 11 suka mutu. Aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da Jihar Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma rufe ƙofa ba zai tsare yaranmu ba. Tun 2007 ƙasarmu tana da ƙa'idar binciken lafiya a rubuce. In masu bincike sun zo, kuna da iko ku tambaya: Wa ya aiko ku? Hakimi da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma sun san da zuwanku? Me za ku yi wa yaron? In kun sami ciwo, wa zai yi magani? Dole su bayyana muku da Hausa, kuma kuna iya ƙi ba tare da an hana ku magani ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, a buɗe bakin yaro a duba, ko da sau ɗaya a mako, a waje cikin hasken rana. Balle yaron da aka yaye, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi ba. A goge masa haƙora kowace rana da asawaki mai laushi ko buroshi, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi.

Na biyu, in an ga jini a dasashi tare da wari, a tafi asibiti mafi kusa a ranar. In kunci ya kumbura, ko dare ne a nemi abin hawa. Kada a tsaga, kada a ƙona, kada a shafa wani abu mai zafi. Iyaye maza, wannan naku ne. Sau da yawa uwa ta ga alama, amma tana jiran maigida ya dawo kasuwa ya ba da izini da kuɗin mota. Ku ba da izinin tun yau, kafin ranar ta zo.

Na uku, abinci. Cikin karatunmu na biyu, da Ubangiji ya ta da 'yar Yayirus, abin da ya umarta nan take shi ne a ba ta abinci. Wanda yake da iko bisa mutuwa bai raina kwanon tuwo ba. Muna noma wake da gyaɗa, muna kiwon kaji da awaki, ga zogale a bayan ɗaki. Kada mu kwashe duka zuwa kasuwa mu bar yaro da koko zalla. A dama kunu da gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai, da nono, da ganye. Noman gona shi ne maganin wancan noma.

Na huɗu, rigakafi. Allurar ƙyanda tana wata 9, ta biyu tana wata 15. Da damina kuma, in masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun zo don yara 'yan ƙasa da shekara 5, a karɓa, a ba da shi yadda aka ce, a kuma kwana cikin gidan sauro.

Na biyar, waɗanda ciwon ya riga ya taɓa. Akwai su a cikinmu, wasu har sun girma, suna rufe fuska da gyale, ba makaranta, ba kasuwa, ba sujada. Tun da mun san ba a ɗauka, wane dalili ya rage mana na gudunsu? Ku zumuntar mata, ku matasa, ku dattawan ikkilisiya, ku neme su. Ku ci abinci tare da su. Ku haɗa kuɗin mota a kai su Sakkwato. Kada ku tambaya ko ɗan ikkilisiya ne ko ɗan maƙwabcinmu Musulmi, gama ciwon bai tambaya ba. Ɗa na kowa ne.

Wani zai ce, ina addu'a a cikin wannan? Tana nan daga farko har ƙarshe. Amma ku tuna annabi Ishaya, bayan ya kawo wa sarki Hezekiya maganar warkarwa, ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Wanda ya ba likita basirar bincike, shi ne mai jin addu'a. Mu yi addu'a yaro yana goye, ƙafafunmu suna kan hanya.

Bari mu sunkuyar da kai.

Ya Uba, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Mun gode domin masu bincike da ma'aikatan lafiya da ka ba su haƙuri da sani. Ka buɗe idanun iyaye su ga alama da wuri. Ka sa albarka a gonakin Boɗinga da Shagari, domin kada yaro ya kwana da yunwa. Ka ta'azantar da gidajen da suka yi rashi, ka ɗaga kan waɗanda suke ɓoye fuskarsu, ka kuma ba mu zuciyar da za ta karɓe su. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sāke saduwa a mako mai zuwa. Kafin nan, yau da yamma, kira yaronka, ka ce ya buɗe baki.