Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ga Mai Shirin Hawa Jirgin Ruwa Zuwa Ƙasar Ƙanƙara Karon Farko

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau za mu ɗan fita daga abin da muka saba. Wata 'yar uwarmu da ke karatu a Ingila ta turo saƙo, ta ce ta daɗe tana tara kuɗi, tana so ta hau jirgin ruwan yawon buɗe ido a gaɓar tekun Nowe cikin hunturu, kuma ba ta taɓa hawa ko kwalekwale ba. Ta ce a ba ta shawara. Na ce to, bari mu amsa a fili, domin 'yan uwanmu da ke fita karatu da taruka da aiki kullum ƙaruwa suke yi, wata rana kai ma kana iya tsintar kanka a bakin irin wannan jirgin.

Abin da zan faɗa gaba ɗaya ba zai wuce karin maganar nan ba: ba a fafe gora ranar tafiya. Irin wannan tafiyar tun a gida ake cin ta, tun a gida ake faɗuwa. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, abin da ke cikin jakarka da abin da ke cikin kanka shi ke nan.

Bari in fara da hanyar kanta. Nowe tana can ƙuryar arewacin Turai. Akwai jiragen da ake kira Hurtigruten, tun 1893 suke bin gaɓar ƙasar, asalinsu ma jigilar wasiƙu da kaya da mutanen garuruwan bakin teku suke yi. Yau suna tashi daga Bergen a kudu har Kirkenes, dab da iyakar Rasha, suna tsayawa a tashoshi 34, zuwa da dawowa kwana 12. Tun 2021 wani kamfanin, Havila, shi ma yana bin hanyar. Jirgin yana wuce Trondheim da Bodo da tsibiran Lofoten da Tromso, ya tsallaka layin nan na Aktik inda rana ke daina bin ƙa'idar da muka sani. Duk da arewancin wurin, tashoshin ba sa daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa ta tekun Atlantika. Amma kar wannan ya ruɗe ka, ruwan ne bai daskare ba, kai kana iya daskarewa.

To, na farko, takardu. Nowe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen. Idan kana zaune a Jamus ko Faransa da takardar zama, ka huta. Idan daga gida za ka taso, ko kana Ingila kamar wadda ta yi tambayar, sai ka nemi bizar Shengen, bizar Ingila ba ta shigar da kai. Za su nemi inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000, kuma fasfonka ya zama yana da sauran wata 3 bayan ranar da za ka fita. Shawarata, ka karanta inshorar da kyau ka ga ko ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga teku, domin nan ne kuɗi ke tashi.

Akwai wani tarko da mutane ba sa lura da shi. Wasu jiragen suna zarcewa har tsibiran Svalbard. Na Nowe ne, amma ba sa cikin Shengen. Wato idan ka je can ka fita ke nan, dawowarka shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya zai sha mamaki. Haka idan Alaska ka zaɓa maimakon Nowe: jiragen da ke tashi daga Seattle suna yada zango a Kanada, don haka mai koren fasfo irin namu biza biyu yake buƙata, ta Amurka da ta Kanada, ko da ya rantse ba zai sauka daga jirgin ba. Ka ɗauki jerin tashoshin ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka, nan wace ƙasa ce, kuma takardata ta kai? Ka yi wannan kafin ka biya tikiti, domin kamfanin jirgi ba ya mayar da kuɗi don kai ba ka da biza.

Na biyu, sanyi. Jama'a, mu cire hunturun Kano daga lissafi. Sanyin da muke hura wuta a ƙofar gida saboda shi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A Kirkenes cikin Janairu digiri 10 ƙasa da sifiri abu ne na yau da kullum, wata rana ya zarce 20. Sannan kana saman jirgi mai tafiya, iska tana dukanka, abin da jikinka zai ji ya fi abin da ma'auni ya nuna.

Dabarar ita ce sutura hawa uku, ba ƙatuwar riga ɗaya ba. Hawan farko shi ne wanda ke taɓa fata, riga da wando masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba irin na 'yan wasanni. Hawa na biyu suwaita mai kauri da ke riƙe ɗumi. Hawa na uku jaket da iska da ruwa ba sa ratsawa, mai hula a jiki. Me ya sa uku? Domin cikin jirgin ɗumi ne kamar ɗakin amarya, waje kuma firiza. Sau goma za ka shiga ka fita a rana. Mai hawa uku yana cirewa yana mayarwa, mai bargon riga ɗaya kuwa sai ya yi gumi a ciki ya fito waje gumin ya zame masa ƙanƙara.

Nan ne zancen auduga ya shigo, kuma ku saurara da kyau, domin mu 'yan auduga ne. Singiletinmu auduga, shaddarmu auduga, atamfarmu auduga, wandon jins ma auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa da wuri, kuma jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki. A zafin Sakkwato wannan rahama ce, a Aktik kuwa masifa. Ki ajiye atamfarki ta cin abincin dare a cikin jirgi, za ki yi kyau, za a tambaye ki daga ina. Amma fita waje, kar auduga ta taɓa fata. 'Yan uwa mata masu hijabi, ku sa hular ulu a ƙarƙashi, kuma ku zaɓi wanda iska ba za ta yi ta fizga ba.

Sai ƙananan abubuwan da su ne manya: safar ulu, safar hannu, hular da ke rufe kunne, abin naɗe wuya, da takalmin da ruwa ba ya shiga, mai ɗan yalwa yadda yatsu za su motsa. Matsattsen takalmi yana hana jini gudu, ƙafa ta fi saurin sandarewa. Titunan garuruwan santsi ne da ƙanƙara, akwai wasu 'yan ƙusoshi a jikin roba da ake ɗaura wa takalmi a ƙasa, ba su da tsada, ka saya tun a Bergen. Bergen ɗin ma garin ruwan sama ne, fiye da kwana 200 a shekara, amma lema ba ta da amfani a iskar teku, jaket ɗin nan ita ce lemarka. Sannan man kaɗanya ko basilin, na leɓe da fuska da hannu. Wannan kam mun riga Turawa sani.

Na uku, teku. Yawancin hanyar jirgin yana bi ne tsakanin tsibirai, ruwa kwance lafiya lau. Amma akwai wurare kamar Stad da Hustadvika da Vestfjorden inda yake fita fili na wasu sa'o'i, cikin hunturu kuwa igiyar ruwa ba ta wasa. Idan za ka zaɓi ɗaki, nemi na tsakiyar jirgi a benen ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi. Ka ga likita ko mai kemis tun a gida ya ba ka maganin jiri da tashin zuciya na tafiya, kuma ana shan sa ne kafin a shiga wurin, ba bayan amai ya fara ba. Ma'aikatan jirgi suna sanarwa, ka kasa kunne. Kar ka zauna da yunwa, kar kuma ka cika ciki da maiƙo. Citta tana taimaka wa wasu. Idan jiri ya taso, ajiye waya, ka kalli can inda sama ta haɗu da ruwa.

Yanzu ga inda nake so kowa ya nutsu. Kafin jirgi ya tashi ana tara fasinjoji a nuna musu inda rigar ceto take da inda za su taru idan wani abu ya faru. Alamar ita ce busa gajeru 7 da doguwa 1. Na san halinmu, lokacin ne muke ɗaukar hoto muna turawa gida. A ranar 23 ga Maris 2019, wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Viking Sky, ɗauke da mutum fiye da 1,300, injinansa suka mutu cikin guguwa a Hustadvika ɗin nan da na ambata, iska tana tura shi wajen duwatsu. Bincike ya nuna baƙin man injin ne ya yi ƙasa a tankunansa, tangaɗin jirgin ya sa injinan suka kashe kansu. Da jirage masu saukar ungulu aka riƙa zaro mutane ɗaya bayan ɗaya, fiye da 400, kafin jirgin ya samu ya isa Molde washegari. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, jirage suna bin hanyar nan kullum lafiya. Na kawo ne don ka san minti goman nan na bayani ba wasan yara ba ne. Ka taka da ƙafarka daga ɗakinka zuwa wurin taruwa, ka haddace hanyar. Da dare ka ajiye jaket da takalmi da fasfo da maganinka wuri ɗaya kusa da ƙofa. Kuma don Allah, ba a hawa ƙarfen gefen jirgi don hoto. Ruwan can, minti na farko ma numfashi yake ƙwacewa, ko kai gwanin ninƙaya ne.

Na huɗu, agogo. Jirgin nan ba motar tasha ba ce da za a ce direba tsaya akwai sauran mutum ɗaya. Wasu tashoshin minti 10 ko 15 yake yi, a irin su Trondheim da Tromso kuwa yakan ɗauki 'yan sa'o'i. Idan lokaci ya yi tafiya yake, kai kuma ka nemi hanyar tarar da shi da kuɗin aljihunka, a ƙasar da ke cikin mafi tsada a duniya. Kafin ka sauka ka ɗauki hoton allon da aka rubuta lokacin tashi, ka dawo da rarar rabin sa'a. Lokacin Bahaushe a bar shi a gida.

Ita ma rana tana da nata. A Tromso, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam, sai wani shuɗin haske na 'yan sa'o'i da tsakar rana, kamar bayan magariba. Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli kuma ba ta faɗuwa. Mai salla zai ce to yaya ke nan? Akwai Musulmi da masallaci a Tromso, kuma a irin waɗannan watannin da yawansu lokacin Makka suke bi. Ka zauna da malaminka kafin ka tafi, ka tafi da amsa a hannu, kar sai kana tsakiyar teku manhajar wayarka ta rikice.

Duhun nan shi ne ribar tafiyar hunturu, domin a cikinsa ake ganin hasken nan mai launin kore da ke rawa a sama, wanda ake kira aurora. Daga Oktoba zuwa Maris ake sa ransa. Ba kullum yake fitowa ba, gajimare yana rufe shi, kuma sau da yawa kyamara ta fi ido ganin launinsa. A jirgi sukan sanar idan ya bayyana, ko da ƙarfe biyun dare ne, wannan ma wani dalilin ne na ajiye kaya kusa da ƙofa. Wanda ya tsaya neman safa, sai dai a ba shi labari.

Sauran 'yan abubuwa a gurguje. Sanyi yana cinye batirin waya, ka sa ta a aljihun ciki kusa da jiki. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya takan kama layin tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada, ka kashe data ka yi amfani da intanet ɗin jirgin. Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, kuma kusan komai da kati ake biya, don haka ka tabbatar katinka yana aiki a waje. Abinci, kifi ne sarki a can, ka huta da shi, amma ka sanar da su tun wajen sayen tikiti abin da ba ka ci. Kilishi da dambun nama kuma haƙuri, doka ta hana shigo da nama daga wajen Turai. Sannan wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, domin cutar amai da gudawa tana saurin zagaye jirgi, kuma man goge hannun nan bai cika kashe ƙwayarta ba.

'Yar uwa mai tambaya, kar ki fasa. Kuɗin da kika tara gumi ne, shi ya sa na tsawaita, don kar ki kashe shi kina kwance a ɗaki da jiri, ko a tsaye a tasha kina kallon jirgi yana tafiya da jakarki. Ki fara da biza, ki gwada kayanki hawa uku a sanyin Ingila tun yanzu ki ga inda iska ke shiga, sauran kuma gani ya kori ji.

Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiyar ya ƙara mana abin da na bari. Wanda ya san mai shirin yi, ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.